Yadda Aka Mayar da Gwaggona Mai Baiwa a Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban sha ruwa da daɗi a ofishin malamai ba. Wannan ta ce Malama Ummi ina tsarabarmu, wancan ya ce yaushe littafin zai fito mu ci rabonmu, wata kuma ta miƙo mini wayarta tana dariya wai in kalli gwaggona. Na gaji da ba da labari guntu-guntu tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata kuma sai in ce ya je ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata goma sha huɗu ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Abin da ya kai ni Nijar kuwa kwali ne ya haife shi. Wasu masu kirki ne suka kawo wa laburarenmu kwalin littattafan Turanci na labarin lissafi, irin waɗanda ake rubutawa don kowa da kowa, masu bango mai ƙyalli. Na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka, na rarraba wa ɗalibaina. Ashe da hannuna na raba musu abin da zai kashe musu gwiwa. Kowane littafi ka buɗe labarin ɗaya ne: wani mutum mai gashi buzu-buzu da ke mantawa da cin abinci, wani da amsa ta zo masa yana barci, wani da tun yana shan nono ya fi malaminsa. Na duba daga bango zuwa bango ban ga shafi ɗaya da aka nuna mutum ya yi kuskure ya goge ya sake ba. Kafin zango ya ƙare 'yan matan nan sun yanke hukunci cewa lissafi baiwa ce, ko an haife ka da ita ko ka haƙura. In na ba da aiki sai a ajiye biro a ce, Malama, mu ba irin waɗancan ba ne.

Haushin wannan ya sa na zauna na rubuta nawa littafin da Hausa. Shekara shida ina yi, tsakanin girki da makin jarrabawa. Na gina shi a kan ɗinkin faifai, sana'ar Gwaggo Lantana, yayar mahaifina da ke zaune a Baure. Wanda bai taɓa zama kusa da mai ɗinkin faifai ba bai san lissafin da ke cikinsa ba. Daga cibiya ake farawa, ana naɗa kaba a kan ciyawa ana zagayawa, kuma kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo. In ana son zane mai kashi takwas, dole a raba ƙarin ɗinkin daidai a kan takwas ɗin nan. Ɗinki ɗaya ya kuɓuce a zagaye na biyar, ba za a gane ba sai wajen na goma sha biyu, inda zanen zai ƙi haɗuwa, sai a warware a koma baya. Abin da nake son ɗalibaina su gani ke nan, cewa wanda ya iya ma sai da ya sha warwara.

Masu buga littafi na nan gida duk wanda na kai wa sai ya ce in kawo tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, su ne ke tafiya a kasuwa. Ana nan sai wani Malam Isufu, mai ƙaramar maɗaba'ar littattafan Hausa a Damagaram, ya karanta kwafin da wata ƙawata ta kai masa. Ya bugo waya ya ce zai buga, kuma akwai taron malaman lissafi da za a yi, in zo, in taho da tsohuwar. Maigidana ya ce a dawo lafiya. Ranar ko tuwo na kasa ci don murna.

Da sassafe na hau mota a tashar Daura, muka bi ta Zango zuwa Baure. Na tarar Gwaggo ta shirya tun asuba, ta sa atamfarta ta biki, ta ɗaure faya-fayai goma sha biyu a cikin zane. Ita ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifiyarta aka sa mini, sai dai ta ce Innata. Sau uku na tambaye ta ko ta ɗauko katin shaida, sau uku tana dafa ƙugu tana cewa in bar ta, ita ba yarinya ba ce.

A Babban Mutum aka cusa mu mu tara a wata ƙaramar mota, ni da Gwaggo da wasu fataken dabbobi. Da muka isa iyaka aka ce kowa ya sauko da katinsa. Gwaggo ta kwance ƙullin bakin zane, ta fito da safa, cikin safa leda, cikin leda wata ledar, ta miƙa wa jami'in da alfahari. Katin asibiti ne na ciwon ido. Mutumin nan bai ko ɗaga murya ba, ya ce Inna wannan ba zai yi ba. Ita kuwa ta shiga ba shi tarihi, wai uwarta 'yar Magarya ce, kuma ta bi hanyar nan a kan jaki kafin a haifi ubansa, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ni dai kunya ta ishe ni. Dama an ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni ce ban sa ta kwance ƙullin tun a gida ba. Muka tura ɗan acaɓa Baure ya ɗauko katin, motarmu ta tafi ta bar mu.

A ƙarƙashin bishiyar da muka zauna jira akwai wani dattijo mai fataucin shanu, Alhaji Mamman. Muka gaisa, ya tambayi aikina. Da na ce lissafi nake koyarwa sai ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Wai ɗansa da ke jami'a ya karanta masa a wani littafi cewa duk manyan masu lissafi sai da kansu ya taɓu, shi ya sa ya hana 'yarsa ɗaukar fannin. Wannan mutumin fa, ina zaune aka koro garke, ya ɗaga ido sau ɗaya ya faɗi buhun dusa nawa zai ishe su zuwa Kano. Na ce masa Alhaji ai abin da ka yi yanzu shi ne lissafi. Ya yi dariya ya ce a'a, wannan sabo ne kawai, lissafi na masu baiwa ne. Na so in yi masa wa'azi, sai ga ɗan acaɓa ya dawo.

Hanyar Magarya ba laifi, sai dai direban da muka samu na biyu bai yarda da birki ba. A Magarya muka tsaya cin abinci. Dambu muka ci da zogale, an zuba masa man gyaɗa ba rowa, kuma gaskiya ya fi namu, ko da 'yan Daura za su yi mini ca. Gwaggo ba ta ko kula da dambun ba, idonta na kan faya-fayan da masu abinci suka rufe kwanoninsu da su. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta nuna mini inda zanen ya karkace, ta ce mai wannan ta ga kuskurenta sarai, ƙyuya ce ta hana ta warwarewa. Mai abincin ta ce ita ce ta ɗinka. Na ja hannun Gwaggo muka koma mota ba shiri.

Bayan la'asar muka shiga Damagaram. Malam Isufu ya tarbe mu a tasha, dogon mutum siriri mai tabarau, mai yawan fara'a. Ya sauke mu a gidan yayarsa, Madam Zara. Can duk malamar makaranta Madam ake ce mata, ko da ta je Makka sau uku. Matar kirki ce, ta ba mu ɗakinta ta koma na jikokinta. Abin da ya fara burge ni a garin shi ne mata a kan babur, su da kansu suke tuƙawa, da hijabinsu da jakarsu, ba mai ko waiwayensu. Na ce oh ni Ummi, da a Daura ne da an yi mako ana zancena. Abin da ya ba Gwaggo haushi kuwa burodinsu ne, dogo kamar sanda, ga tauri, kuma a hammata ake riƙo shi tsirara ba leda. Ta ce ita haƙoranta huɗu suka rage, ba za ta ƙarar da su a ƙasar mutane ba. Sai da Madam Zara ta dama mata fura. Suna kuma da wata al'ada, da azahar gari ya mutu, shago a rufe, ofis a rufe, kowa ya je ya kwanta. Ranar farko na ce wannan lalaci ne. Rana ta biyu ni na riga kowa barci.

Washegari aka yi taron a wani babban ɗaki, malamai maza da mata cike. Na shirya bayanina tsaf, har da zane a kan kwali. Malam Isufu ya tashi gabatarwa, sai na ji ya fara da labarin shahararrun masana lissafi na duniya, irin dai mutanen cikin kwalinmu, mai mafarki da mai mantuwa da abinci. Daga nan ya ce mu ma Allah bai manta da mu ba, ga wata baiwar Allah daga Najeriya da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, amma ƙwaƙwalwarta ta fi na'ura.

Aka kawo wani faifai da ya sayo a kasuwa, wanda Gwaggo ba ta taɓa gani ba. Ya miƙa mata ya ce ta faɗi ɗinki nawa ne a zagayen ƙarshe. Ina kusa da ita, na ga abin da ta yi da idona. Ta bi kashi ɗaya na zanen da babban yatsa, ta duba kashi nawa ne a faifan, leɓenta ya ɗan motsa, ta ce metan da sha shida. Ashirin da bakwai sau takwas ke nan, abin da ɗalibar aji ɗaya za ta yi in an nuna mata hanya. Aka sa malamai biyu suka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, suka ce ɗari biyu da sha shida ne cif. Sai ɗakin ya kaure da tafi, mutane suka miƙe tsaye, wayoyi suka tashi sama, wata mata har da hawaye.

Na ce to yanzu za a ba ni dama in nuna musu yadda aka yi. Ina! Da aka miƙo mini abin magana sai aka ce minti biyar gare ni, an kawo abinci. Na fara cewa jama'a wannan ba abin mamaki ba ne, ninkawa ce, kowa zai iya. Wani malami daga baya ya ce haba Madam, kar ki rage wa tsohuwa daraja. Aka yi dariya, aka nufi shinkafa. Malaman lissafi fa! Mutanen da aikinsu shi ne su ce yaya aka yi, ba ko ɗaya da ya tambaya. Na tsaya riƙe da kwalina kamar mai tallan da ba a saya ba, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Kashegari da hantsi muka je maɗaba'ar, ni da Gwaggo. Ɗaki biyu ne, ɗaya na inji ɗaya na ofis. A kan kantarsa na ga littattafan nan na kwalinmu, fuskokin nan dai, sai dai da Faransanci. Malam Isufu ya kawo shayi, ya ɗauko rubutuna, na ga duk ya sha jan biro. Ya canza sunan littafin ya koma na tsohuwa mai baiwa, da hoton Gwaggo a bango. Ya cire ayyukan gwaji na ƙarshen kowane babi. Ya kuma cire babi na huɗu ɗungurungum, wanda shi ne zuciyar littafin, inda na ba da labarin shekarun da Gwaggo ta yi tana koyo a hannun mahaifiyarta: yadda faifanta na farko ya lanƙwashe ya zama kamar ƙwarya, yadda aka sa ta warware faifai ɗaya sau bakwai, yadda ta sha ranƙwashi tana kuka tana sakewa.

Na tambaye shi dalili. Ba zan yi masa sharri ba, bai ɓoye komai ba. Ya ce shi ma ya san ninkawa ce, tun a taron ya gani. Amma ya daɗe a sana'ar nan, ya san abin da ke fita daga kanta da abin da gara ke ci.

"Malama," ya ce, "mutum ba ya sayen littafi don a ce masa ya zauna ya yi aiki. Yana saye ne don ya riƙe baki. Waɗannan da kike gani a kanta, su suka koya wa mutane abin da ake kira littafin lissafi. Ni ban isa in canza ba."

Na ce masa to ai abin da ya sa na rubuta nawa ke nan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuma waɗannan littattafan zomon kawai suke nunawa a faranti, sai yarinya ta ɗauka daga sama yake faɗowa wa wasu. In na yarda da gyaransa, na ƙara littafi ɗaya a cikin kwalin da ya kashe mini aji, wannan karon ma da Hausa, da fuskar gwaggona, yadda ba yarinyar da zai wuce. Muryata ta hau fiye da yadda ya kamata a ofishin mutumin da ya saukar da ni a gidan yayarsa. Wannan kam na yi nadamarsa.

Abin da ban zata ba shi ne ta inda dukan zai fito. Gwaggo da ke zaune shiru tana sauraro sai ta ajiye kofin shayi ta ce a maimaita mata abin da ke cikin babin nan na huɗu. Na maimaita. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Innata, ashe kin rubuta an ranƙwashe ni? Ki kai wa duniya?"

Na ce Gwaggo ai ke kika ba ni labarin. Ta ce ta ba ni ne a tsakar gida, ni da ita, muna gyaran wake. Na ce to ba gaskiya ba ne? Ta ce gaskiya ne mana, amma a bar kaza cikin gashinta. Mai sana'a faifan da ya yi kyau take kai wa kasuwa, wanda ya karkace a bayan rumbu ake warware shi, ba mai gani, haka aka koya musu.

"Shekara sittin ina ɗinki," ta ce, "ba wanda ya taɓa miƙewa tsaye don ni sai jiya. Yau kuma ke ce za ki ce musu su zauna."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Shekara shida ina rubutu a kanta, ban taɓa zama na karanta mata shafi ɗaya ba, don na ɗauka ba sai na tambaya ba. Malam Isufu ya ga ya sami mai goya masa baya, ya turo mini takardar yarjejeniya da biro a hankali. Na dubi takardar. Ba wani mai buga littafin da ke jirana a ko'ina, na sani. Gwaggo tana so, shi yana so, maigidana ya riga ya gaya wa abokansa. Amma da na tuna masu ajiye biro su ce mu ba irin waɗancan ba ne, hannuna ya ƙi. Na tattara rubutuna na sa a jaka, na yi masa godiya, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Madam Zara ta cika mana leda da kilishi da dabino. Daga Damagaram har Magarya, daga Magarya har iyaka, Gwaggo ba ta ce mini uffan ba. A iyaka ta miƙa katinta na gaskiya tun kafin a tambaya. Da muka sauka a Baure na durƙusa na ce ta yafe mini, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake faɗa ana kallon bango. Har yau in na buga waya jikarta ce ke ɗauka ta ce tana salla.

Na shigo Daura ina lallashin kaina cewa ko ba komai na tsare ajina, na rasa littafi na ɓata da Gwaggo amma ƙarya ba ta fita da sunana ba. Ranar Litinin na shiga aji biyar. Ashe bidiyon taron ya riga ni isowa. Ya ƙetare iyaka ba kati, ya shiga wayar kowace uwa da kowane yaya, an rubuta a ƙasansa wai tsohuwar da ta gagari na'ura. An yanke wurin da na tashi bayani.

Akwai wata ɗaliba, Rabi, 'yar wani manomi daga Dutsi. Ba ta da saurin ganewa, amma ita kaɗai ce ba ta taɓa ajiye biro ba, takan sake aiki sau huɗu sau biyar har ya fita. Da ita nake yin misali a zuciyata duk lokacin da na gaji da rubutun nan. Ita ce ta ɗaga hannu, fuskarta cike da murna, tana taya ni alfahari.

"Malama, mun ga gwaggonku. Ashe gado ne a gidanku. Shi ya sa kike iyawa, mu ba ma iyawa."

Na dubi teburinta. Littafin aikinta a rufe yake, biro a kansa.